Sikelin da Zai Ɗauki Yaya Rumbu

Aujara,
ranar Laraba, ana tsakiyar maimai.

Zuwa ga taubashina Yaya Abdurrahim, wanda ni kaɗai a duniya nake da lasisin kiransa Rumbu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ta kai faɗinka in da hali, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Iya, gwaggona da ta haife ka, tana gaishe ka. Cewa ta yi in gaida "mutumin Dutse", ka san har gobe ba ta kama sunan ɗan fari.

Labari ya iso mana cewa tun watan jiya ka dawo daga Masar, wai likitoci sun yanke maka tumbi sun ɗinke, sun bar maka ɗan abin da bai wuce na kaza ba. Da na ji sai da na yi ƙwalla, amma ba don kai ba, don Larai mai ƙosai, wadda in ka zo gari take tashi kasuwa tun hantsi. Tambayata ɗaya ce: ina aka kai ragowar? Da ka taho mana da shi, gugan rijiyar gidanmu ya yage.

Yanzu maganar gaskiya. Ɗan'uwanmu Isah ya je duba ka, ya dawo ya ce ta taga ka yi masa magana, wai barci kake yi. Yaya, mai barci ba ya faɗa da bakinsa. Tun ranar Iya take juya tuwo a kwano ba ta ci. Ni kuma na ce mata ƙila ƙofar ce ta riƙe ka, ta jefe ni da muciya.

Garin nan ya zama kufai. Duk sa'o'ina sun tafi, wasu Legas acaɓa, wasu sun yi aure sun koyi ɗaure fuska. Shekaranjiya na sa wa jakin Mai Unguwa hula, na koma gindin darbejiya ina jiran wanda za mu yi dariya tare. Ba wanda ya zo. Da na gaji na cire hular na tafi gida.

Ka ba Idirisu direba amsa, ranar Juma'a yake juyowa. Ka rubuta da ajami, ka san bokona bai wuce karanta kwalin ashana ba.

Ka huta lafiya. Naka mai tsokana,
Ɗanladi.

*

Dutse,
6 ga Agusta, 2001.

Zuwa ga ƙanena Ɗanladi.

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta same ni. Ka gaida Iya, ka ce mata ina samun sauƙi, ta ci abinci.

Abin da kuka ji gaskiya ne. An yi mini aikin rage ciki, saboda likita ya ce in ban yi ba zuciyata ba za ta daɗe tana ɗaukata ba. Ranar aikin nauyina kilo ɗari biyu da biyar ne. Yanzu loma uku ko huɗu nake ci in ƙoshi. Ofis sun ba ni hutu. Mai ɗakina Fiddausi ta yi mako biyu a nan ta koma Kano, saboda makarantar yara.

Ga abin da ya sa na amsa maka. Likitan da ke duba ni a Kano ya ce lallai in riƙa hawa sikeli duk mako ina kai masa abin da ya nuna, da shi zai san ko aikin ya kama, da shi kuma zai daidaita magani. Na aika an sayo mini sikelin gida, irin mai allura. Ashe iyakarsa ɗari da ashirin. Da na hau allurar ta zaga ta daki ƙarshe, wani abu ya yi ƙas a ciki. Na sake sayen wani, shi ma haka. Na je wani ɗakin shan magani a nan gari, nasu ma bai kai ba, kafin in sauka mutanen da ke layi sun miƙe suna leƙe. Ban sake fita ba.

Kai mai yawon kasuwanni ne. Ka bincika mini sikelin da zai ɗauki kilo ɗari biyu ko fiye, wanda zan ajiye a ɗakina, in hau ba idon kowa. Kada ka faɗa wa kowa na wane ne. Kuma don Allah wannan karon ka ajiye wasa.

Wassalam. Yayanka,
Abdurrahim.

*

Aujara,
ranar Lahadi, gero ya fara fitar da kai.

Zuwa ga Yaya Rumbu, mai karya sikeli biyu a zama ɗaya, Allah ya ja zamaninka.

Gaisuwa mai yawa. Iya ta ci tuwo har da ƙari da ta ji ka rubuto. Ka ce in ajiye wasa, na ajiye shi, amma ya biyo ni.

Na fara da kasuwar Kafin Hausa. Akwai wani mutum mai yawo da sikeli a hammata, ana hawa ana sallamarsa. Na ce masa, "Malam, naka nawa yake ɗauka?" Ya ce ɗari da ashirin. Na ce, "In mutum ya wuce haka fa?" Ya dube ni ya ce, "To wannan ba sikeli yake nema ba, addu'a yake nema." Na ce to in aka haɗa biyu, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can? Ya ce an taɓa gwadawa da wani Sarkin Fawa, ɗaya ya zame, har yau mutumin yana ɗingishi.

Daga nan na je wurin mahauta. Nasu zai ɗauke ka, amma mai ƙugiya ne, sai mun rataye ka a reshe. Na san ba za ka yarda ba, ni ma ban ga reshen ba. Na je Shuwarin, na shiga shaguna har ƙafata ta yi bororo. Kowa sai ya ce a Kano, wanda ya san Kano kuma ya ce sai dai Legas.

Ashe abin yana bayan gidanmu. Ka tuna Alhaji Jaji mai sayen riɗi da zoɓo? A ƙuryar shagonsa akwai tsohon sikeli na zamanin gyaɗa, baƙin ƙarfe, mai faranti kamar ƙyauren ɗaki, da ƙafafu masu taya, da sandar awo da ake zura mata dutse. Buhu biyar ake jibga masa bai ce uffan ba. Ban tona maka asiri ba, cewa na yi ina da bijimin da nake kiwo a Dutse, ina so in riƙa auna shi.

Alhaji ya ce, "Kai Ɗanladi, yaushe ka yi akuya balle bijimi?"

Na ce na gado ne, ta wajen gwaggo.

Ya ce, "Ko na waye, kaya ke zuwa wurin sikeli, sikeli ba ya zuwa wurin kaya. Ka koro shi nan."

To ka ji. Shawarata, ka shigo motar Idirisu ka zo. In kunyar mutane kake ji, sai in lulluɓa maka tamfol, in ce zoɓo ne. Kowa zai yarda, in dai ba ka yi tari ba. Ka zo, Yaya. Ko ba don sikeli ba. Akwai tsokanar wata uku da na tara, ba ni da inda zan sauke ta.

Sai na ji daga gare ka. Naka,
Ɗanladi, makiyayin bijimi.

*

Dutse,
27 ga Agusta, 2001.

Ɗanladi,

Bayan gaisuwa. Na karanta. Na gode da wahalar da ka sha. Ka bar neman.

Tun kana ƙarami kake kirana Rumbu ina dariya, domin a lokacin rumbu abu ne da mutane ke kewayewa. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Shekara goma ke nan tun da aka ƙirƙiri jihar nan aka turo mu daga Kano, kullum da yamma a ƙofar ɗakina ake shimfiɗa tabarma. Malam Sani maƙwabcina da sauran gwagwaren ma'aikata irina, kwano ɗaya muke sa hannu, ni ne farkon sawa ni ne ƙarshen cirewa. Da na dawo daga Masar sun zo kwana uku. A na huɗu mutum biyu suka zo. Yanzu tabarmar tana naɗe a bayan ƙofa. Ina jin muryoyinsu a ƙofar Malam Sani, ina jin ƙarar kwano. Mutumin da ba ya ci ba shi da amfani a majalisa, na gane.

Ban san ko ina raguwa ba. Babbar riga ba ta faɗa wa mutum gaskiya, yadda take jiya haka take yau. Ranar ganin likita ta zo ta wuce ban je ba, don ba ni da abin da zan kai masa. Makon jiya na ce ƙila duk aikin banza aka yi, na sa aka kawo mini tuwo malmala biyu irin na da. Ban kai rabin ɗaya ba ya dawo. Na kwanta a ƙasa ina jin kamar ɗinkin zai ɓalle, ba wanda zan kira ya miƙo mini ruwa. Kada Iya ta ji wannan.

A cikin wannan hali ka ce za ka rufa mini tamfol. Na san wasa ne, kuma haƙƙinka ne na taubashi. Amma ba ni da wurin ajiye shi yanzu. Kada ka ƙara rubuto mini sai na neme ka.

Wassalam.
Abdurrahim.

*

Aujara,
ranar Talata, an fara yankan riɗi.

Yaya Abdurrahim,

Assalamu alaikum. Ka ce kada in rubuto. Na yi biyayya har sati uku, wanda ko malaminmu na allo bai taɓa samun haka daga gare ni ba. Takardarka tana aljihuna, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Maganar tamfol, na janye ta.

Na samo sikelin. Alhaji Jaji, wanda ya ce sikeli ba ya zuwa wurin kaya, shi da kansa ya aiko a kira ni. An ce 'yan kwamitin shari'a masu duba mudu da awo za su fara zaga kasuwanni kafin cinikin riɗi ya buɗe. Alhaji ya ce shagon ya yi masa ƙunci, in kwashe tsohon ƙarfen nan in kai wa bijimina, kyauta, kuma kada ya kwana biyu a garin.

Ranar Juma'a zan taho da shi a bayan a-kori-kura, bayan an sauko daga masallaci. Mutum huɗu ke ɗaga shi, saboda haka in ka ce mini barci kake ta taga, a ƙofarka za mu dire shi, kowa ya zo wucewa ya tambaya. Gara ka buɗe.

Kuma a dafa da ni. Tun safe ba zan ci komai ba.

Ƙanenka,
Ɗanladi.

*

Dutse,
24 ga Satumba, 2001.

Zuwa ga ƙanena Ɗanladi, makiyayin bijimi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka isa gida lafiya. Ka gaida Iya, ka ce mata ina nan tafe kafin azumi in Allah ya yarda.

Ban iya yi maka godiya ranar ba. Ɗari da hamsin da takwas! Bayan tafiyarka na rufe ƙofa na sake hawa, na zura dutsen da hannuna yadda ka nuna mini, sandar ta tsaya a wuri ɗaya. Kilo arba'in da bakwai sun tafi ban sani ba, ina zaune ina cewa aikin banza aka yi. Na yi sujada a kan farantin nan, don shi ne wurin da ya fi kusa.

Sikelin ya cinye rabin ɗakin, sai na matsar da gado. Da safe a kansa nake ajiye butar shayi. Jiya na taka da ƙafa har bakin titi na dawo, na sayi dabino a hanya, ƙwaya ɗaya na ci.

Wani abu kuma. Da muka zauna cin abinci na yi lomata uku na cire hannu, kai ko ɗagowa ba ka yi ba, ka share kwanon har kana tambayar ƙanzo. Rabon da in zauna ina kallon mutum yana ci yana surutu a gabana har na manta. Ba ka da kunya, Allah ya yi maka albarka.

Ranar Alhamis ta sama zan je Kano wurin likita da wannan adadi. Yanzu ina da abin kai masa.

Yayanka,
Rumbu.

*

Aujara,
ranar Laraba, da hantsi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Na roƙi Idirisu ya kawo maka wannan hannu da hannu kafin ka tafi Kano. Iya lafiya, tun da ta ji za ka zo take shanya kuɓewa.

Abu biyu ne. Zan fara da mai daɗin.

Ranar da na fito daga wurinka na tarar da Malam Sani a ƙofarsa. Na ce, "Malam, kun kyauta ke nan? Mutum ya ciyar da ku shekara goma, ya kwanta ciwo kun ɗauke ƙafa?" Ya riƙe baki ya ce, "Yaro, mu muka ɗauke ƙafa? Maigida ya yi loma uku ya cire hannu, wane marar ta-ido ne zai ci gaba da ci a kwanonsa? Kwana uku muna tashi da yunwa. Muka ce ƙila nauyinmu ne ya ishe shi, yake gaya mana a sakaye." Ka ji. Kai kana ciki kana cewa sun guje ka, su suna waje suna cewa ka kore su. Bango ɗaya ne tsakaninku.

Na biyun kuma, ban san ta inda zan kama shi ba. Ni da ba na rasa magana.

Ka san ban yi nisa a karatu ba, amma surar masu tauye awo na haddace ta da kyau, don a kanta na fi shan bulala. Yaya, ba ƙuncin shago ne ya sa Alhaji Jaji ya rabu da sikelin nan ana gobe masu duba awo za su zo ba. Duk wanda ya taɓa kai riɗi shagon nan ya san halinsa. Baba ya sha dawowa gida yana lissafi da yatsu yana girgiza kai. Sikelin yana ci. Abin da aka ɗora masa, ba ya faɗar duka.

Na taho da niyyar gaya maka tun a ƙofa. Sai ka hau, sandar ta tsaya, na ga fuskarka. Rabona da ganin haƙoranka tun bikin ɗan'uwanmu Kamilu. Sai na haɗiye. Na ce wannan ita ce tsokana mafi kyau da na taɓa yi, a bar ta. Amma da ka ce likita zai auna magani da wannan adadi, sai na ɗauki alƙalami.

Akwai masu gini a bayan layinku. Ka aro buhun siminti guda wanda ba a farke ba, an ce hamsin ne cif, ka ɗora ka gani.

In ka ce kada in ƙara rubutowa, wannan karon zan ji. Sai dai kada ka koma wa malmala biyu, kuma kada ka rufe ƙofar. Ni ka rufe wa, ban da Malam Sani.

Ƙanenka,
Ɗanladi.

*

Dutse,
5 ga Oktoba, 2001.

Ɗanladi,

Bayan gaisuwa. Na ɗora simintin. Arba'in da biyar ya nuna. Sikelinka ɓarawo ne, ɗaya yake ɗauka a cikin goma. Na yi kwana biyu ban kalle shi ba.

Likita ya auna ni da nasu: ɗari da saba'in da biyar. Talatin suka tafi, ba arba'in da bakwai ba. Ya ce talatin ɗin ma abin a yi hamdala ne. Na ba shi labarin sikelin, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce in riƙe shi, ɓarawon da ba ya sauya hannu ana iya lissafi da shi. Yau da safe na hau, dutsen ya ja baya kaɗan.

Na shimfiɗa tabarma jiya. Na ce wa su Malam Sani in na cire hannu kowa ya ci gaba, suka ce to, ina cirewa suka cire. Ba za su iya ba sai sun ga wani ya fara.

Ana neman marar kunya a nan. Ka shigo motar Idirisu ranar Juma'a mai zuwa, kada ka ci komai tun safe.

Yayanka,
Rumbu, wanda aka ɗebi kaɗan.